Mas'alar Mai Sayen Wahala da Kuɗinsa

A cikin al'adun da zamanin nan ya haifa, waɗanda da za a kai labarinsu gaban malaman zaure na dā sai sun yi shiru tukuna sun shafa gemu kafin su buɗe baki da fatawa, akwai wani tsere da mutanen Amurka suka ƙago suna kiransa tirayatlon, watau tsere mai zango uku, inda mutum guda zai faɗa ruwa ya yi iyo, ya fito bai huta ba ya haye keke, ya sauka daga keken kuma ya kama gudu da ƙafa, agogo kuwa yana lissafa masa duka ukun a haɗe, har da ɗan lokacin da ya ɓata wajen sauya takalmi. An fara shi a siffarsa ta yanzu a birnin San Diyego cikin shekarar 1974, ya yi ta bunƙasa har aka shigar da shi wasannin Olamfik a Sidni cikin shekarar 2000. Sa'an nan, da waɗansu suka ga kamar kwalta ta yi musu laushi, sai suka ɗauke tseren daga titi suka kai shi daji, aka yi gasar farko irin wannan a tsibirin Mawi na Hawai cikin 1996, ita ce wadda duniya ta sani daga baya da sunan XTERRA.

A gasar ta Mawi an riƙa iyon kilomita ɗaya da rabi cikin teku, sa'an nan a tuƙa keke wajen kilomita 30, ba a kan hanya shimfiɗaɗɗiya ba, a'a, a kan turba mai hawa da gangara. Tsohuwar turbar Mawi ma a gindin Haleyakala take, dutse mai aman wuta, inda tsakuwa take da kaifi, ƙura take toshe hanci, ƙayar wata itaciya da suke ce wa kiyawe kuma take huda taya ba sani ba sabo. Bayan wannan a yi gudun wajen kilomita goma, wani sashe cikin rairayin bakin teku. An riƙa yin gasar duniya a Mawi har 2021, kana aka mai da ita lardin Tirentino na Italiya a 2022. Amma 'ya'yanta sun bazu a ƙasashe da yawa, har da Girabo kusa da Keftawun a Afirka ta Kudu, inda aka saba yin ta cikin watan Fabrairu, tsakiyar bazararsu ke nan, kuma daga ƙasar ne Conrad Stoltz ya fito, wanda ya ci gasar duniya sau huɗu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari kuwa shi ne, ban da gasar duniya wadda sai an cancanta, ƙofar sauran a buɗe take ga kowa: akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa, wanda bai taɓa yi ba, in ya biya kuɗin shiga ya sa hannu a takarda, sai a liƙa masa lamba ya tsaya a bakin ruwa tare da gwanaye.

To, ga mas'alar. Mutum ne baligi, mai hankali, lafiyayye, ba yaƙi ya kore shi ba, ba yunwa ta fitar da shi ba, ba kuwa wani wajibi ya rataya a wuyansa ba, kuma sabon shiga ne, bai san iyakar jikinsa ba. Ga shi an wayi gari ranar tsere da zafin da ya wuce kima. In ya shiga, jarunta ya yi ko ganganci? In ya ƙarasa da rarrafe, abin yabo ne ko abin istigfari? In kuwa ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce ya fasa, me ya rasa?

Asalin wasan ba ya bukatar dogon bahasi. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ya kuma shirya sukuwar dawaki a Madina, malamai kuma tun dā suna kwaɗaitar da koya wa yara iyo. Keke dai abin hawa ne kamar sauran. Saboda haka babu mai cewa motsa jiki haramun ne matuƙar an kiyaye salla da sutura. Maganarmu a kan zafi take, da kuma jahilcin sabon shiga game da abin da zafi ke yi masa.

Likitoci sun tabbatar cewa zafin cikin jikin ɗan Adam yana zaune ne a wajen digiri 37, kuma Mahalicci bai ba shi filin kai-da-komo mai faɗi ba. Tsoka in tana aiki, daga cikin ƙarfin da take ƙonawa kashi ɗaya bisa huɗu ko bisa biyar kaɗai ke zama motsi, saura duk zafi ne wanda tilas a fitar da shi, babbar ƙofar fitarsa kuwa a rana mai zafi ita ce zufa. Amma zufar ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata, wadda ta ɗiga ƙasa asara ce kawai. Tamkar randar ƙasa ce, wadda ruwanta ke yin sanyi lokacin da busasshiyar iska ke shanye abin da ya tsatso ta jikinta, in kuwa iska ta cika da laima sai ruwan ya zauna da ɗuminsa. Wannan ya sa zafin bakin teku, ko da ma'auni bai nuna shi da yawa ba, yakan fi na hamada illa ga mai gudu. Mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta zufa cikin sa'a guda, jini ya ragu, alhali tsoka tana neman jinin don aiki, fata ma tana nemansa don fitar da zafi, zuciya ta yi ta ƙara bugu ko ta wadatar da su duka biyun. In abin ya faskara, zafin ciki ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, hanta da ƙoda su soma lalacewa. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kashe matashi mai ƙarfi cikin 'yan sa'o'i in ba a gaggauta ba.

Mu ƙaddara ga sabon shigar nan ya fito daga ruwa. Ya sha ruwan gishiri ya fi maƙwarwa biyu, an shure shi a cunkoso, ƙafafunsa suna rawa a kan rairayi, yatsunsa sun kasa ɗaure igiyar hular kwano sai a karo na biyu. Ya hau keke, sanyin ruwan da ke jikinsa ya ruɗe shi na ɗan lokaci, ya taka feda fiye da ƙarfinsa don ya ga ana wuce shi. Sai hawa ya zo. A kan kwalta mai keke yana samun iskar da gudunsa ke haifarwa, amma a nan ya sauko giya ta ƙarshe, tafiyarsa ba ta fi ta mai tafiya da ƙafa ba, iska ta ɗauke cak, dutse yana mayar masa da zafin rana daga ƙasa, zufa tana shiga masa ido ba shi da hannun sharewa. Tayar baya ta zame a tsakuwa, ya sauka ya tura. Ya kai goran ruwa baki ya ji ruwan ya yi zafi, kuma saura kaɗan. In taya ta yi faci shi zai tsuguna cikin rana ya gyara da kansa, domin dokar wasan ta hana taimakon 'yan kallo. Da ya kai ƙololuwa kuma ba hutu ya samu ba, gangara ce mai neman idon da ke gani sosai da yatsun da suka san gwargwadon matsa birki, alhali idon ya soma gani biyu-biyu.

Akwai kuma wani rashin daidaito a cikin tsarin wanda ba a cika lura da shi ba. Gwani yana gama zango ukun cikin sa'a biyu da rabi ko uku, ya shige inuwa tun rana ba ta take tsaka ba. Ɗan koyo kuwa yakan kwashe sa'a huɗu ko biyar, sai ya zamana zangon gudu, wanda ya fi kowanne tara zafi a jiki, ya faɗo masa daidai garjin rana. Watau mafi rauninsu shi ke samun kaso mafi girma na rana, kuma a wurin da motar asibiti ba ta iya shiga.

Yanzu fa sai mu tambaya, ita wahalar a kan kanta tana da wata falala? Buhari ya ruwaito, Imamu Malik ma ya kawo irinsa a Muwaɗɗa, labarin wani mutum da ake kira Abu Isra'ila, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hango a tsaye cikin rana yayin da yake huɗuba, ya tambayi dalili, aka gaya masa ai bakance ya yi cewa zai yi azumi, ya tsaya ba zama, ba shiga inuwa, ba magana. Sai aka umurce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Abin lura a nan shi ne yadda aka tsefe bakancen aka raba shi biyu: azumi, wanda ibada ne ko da yana da wahala, an bar masa, tsayuwa cikin rana, wadda wahala ce tsagwaronta ba ibada a ciki, an sauke masa, ba a kuma ce ya yi rashin wani lada ba. Mutumin nan da kyakkyawar niyya ya tsaya, don Allah ya tsaya, duk da haka ba a karɓa ba. Ina kuma ga wanda ya tsaya don lambar yabo?

Na san mai karatu masani zai tare ni da Yaƙin Tabuka na shekara ta tara bayan Hijira, wanda aka fita cikin tsananin zafi, aka kuma zargi waɗanda suka kafa hujja da zafin suka noƙe. Zai kuma tuna mini abin da ya shahara cewa lada yana ƙaruwa gwargwadon wahala. Wannan ƙalubale ne na gaske, kuma wanda ya fi warware shi, a ganina, shi ne Imamu Shaɗibi, Bamalike mutumin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1388. Abin da ya tafi a kai cikin littafinsa Muwafaƙat shi ne, mukallafi yana da ikon ya nufi aiki mai girma wanda wahala ke biye da shi, ladansa kuma ya girma saboda haka, amma ba shi da ikon ya nufi ita wahalar kanta, domin Mai Shari'a bai nufe ta ba, nufin bawa kuwa in ya saɓa wa nufin Ubangijinsa ɓatacce ne. Mutanen Tabuka ba zafi suka fita nema ba, a hanya suka tarar da shi, da akwai wata hanya mai inuwa da ita za su bi. Hujjar wannan a fili take, domin Annabin da ya fita da su cikin zafin shi ne kuma ya yi umurni a jinkirta sallar Azahar in zafi ya tsananta har rana ta ɗan yi sanyi. In salla, ginshiƙin addini, ana jinkirta ta saboda rana, ban ga tseren da ya fi ƙarfin a ɗage shi ba.

Wani zai ce, ai masu tseren nan ba su ce ibada suke yi ba, don me za a auna su da ma'aunin ibada? Gaskiya ne ba su ce ba, amma wanda ya saurari zancensu zai ji ƙamshin zuhudu a ciki: suna maganar tsarkake kai ta hanyar azaba, suna girmama wanda ya ƙi tsayawa kamar yadda ake girmama waliyyi, suna da nasu ƙissoshin da suke karanta wa sababbin shiga. Babbar ƙissarsu ita ce ta Julie Moss, ɗalibar jami'a 'yar shekara 23, sabuwar shiga ita ma, wadda a watan Fabrairu na 1982 tana kan gaba a gasar Ironman ta Hawai jikinta ya ƙi, ta faɗi ta tashi ta faɗi, wata ta wuce ta dab da ƙarshe, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Aka nuna a talabijin, dubban mutane suka shiga wasan saboda hoton nan. Haka kuma Gabriela Andersen-Schiess ta Suwizalan, wadda ta shigo filin Olamfik na Los Anjalis a 1984 tana tangaɗi, tana kauce wa masu agaji don kada su taɓa ta a soke ta, jama'a suna tafi. Allah Ya tsare su, sun rayu, shi ya sa labarinsu ke da daɗin faɗi. Ba a cika karanta wa sabon shiga ƙissar Francisco Lázaro na Fotugal ba, wanda ya faɗi a gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a Istokhom cikin zafin watan Yuli na 1912, ya cika washegari. Ko ta Tom Simpson na Ingila, wanda ya mutu a kan kekensa yana hawan dutsen Bantu a gasar zagaya Faransa ranar 13 ga Yuli 1967, zafi da ƙwayoyin ƙara kuzari suka haɗu a kansa. Ruwayar da ake ɗaukar masu tsira kaɗai a bar matattu, malaman hadisi ba za su karɓe ta ba.

Fuƙaha'u ba su bar wasanni masu haɗari ba hukunci. Haskafi, malamin Hanafiyya mai littafin Durrul Muhtar, ya halatta irin wannan wasa bisa sharaɗi biyu: mai yin ya zama haziƙi a cikinsa, kuma kuɓuta ta zama ita ce mafi rinjaye, ya ba da misali da mai kamun maciji. Ƙa'ida ce mai kyau, domin ba ta nemi yaƙinin kuɓuta ba, wanda ko mai kwana a ɗakinsa ba shi da shi, galibin zato kawai ta nema. Sai dai tana jefa mu cikin wani ƙulli: sabon shiga ba haziƙi ba ne, in kuwa sai haziƙi ne zai yi, ta ina za a sami haziƙin? Warwarar ita ce tadriji, watau hawa mataki-mataki, kowane mataki kuɓuta tana da rinjaye a cikinsa ga mai wannan matsayi. Abin mamaki kuwa, jikin da kansa a kan tadriji aka halicce shi. Wanda ya riƙa motsa jiki cikin zafi kaɗan-kaɗan har kwana goma zuwa sha huɗu, ruwan jininsa yakan ƙaru, zufa ta riƙa zuwa masa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sassauta. Kyauta ce daga Allah, amma ba a ba da ita rana ɗaya, kuɗin shiga kuma ba ya sayenta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san cewa ilimi yana gaban aiki, mukallafi ba ya kutsa kai cikin abu sai ya san hukuncinsa ya tambayi masana. A nan kuwa hukuncin ya rataya ne a kan sanin halin jiki, saboda haka tambayar likita da gwanayen wasan ta shiga cikin abin da wajibi ba ya cika sai da shi.

Ko shan ruwa ma sai da ilimi. Sabon shiga, don tsoron ƙishirwa, yakan yi ta ɗirkar ruwa a kowace tasha fiye da abin da ya zubar, har gishirin jininsa ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun Bostan na 2002 an gwada jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin ɗari da wannan matsala, kuma masu jinkirin tafiya suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Amma duk wannan share fage ne ga abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Yawancin haɗurra suna barin mutum da hankalinsa: mai hawan bishiya yana ganin nisan ƙasa, mai ƙetare kogi yana jin ƙarfin ruwa, in ya ga ba dama ya juya. Zafi kuwa hankalin yake fara kamawa. Alamun bugun zafi na farko su ne ruɗewa, da fushi ba dalili, da magana ba kan gado, da taurin kai. Watau alƙalin da aka dogara da shi ya yanke hukuncin tsayawa, shi ne wanda ake fara tuɓewa. Duniya ta ga haka a tsibirin Kozumel na Meziko cikin Satumba 2016. Jonny Brownlee na Ingila, wanda wata guda kafin nan ya ci lambar azurfa a Olamfik ta Riyo, yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mitoci, sai ƙafafunsa suka soma saƙa, ya karkace ya nufi gefen hanya, idanu a buɗe amma ba ya ganin komai. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce ya ci. Wan Jonny, Alistair, ya iso, ya rataya hannun ƙanin a kafaɗarsa, ya ja shi har layin ƙarshe ya tura shi ya faɗi, aka kwashe shi sai wurin likitoci. Jama'a sun yaba zumuncin, ya kuwa cancanci yabo, ko da yake hukumar wasan ta duniya daga baya ta hana ɗan tsere ya ja wani gaba. Ni abin da na gani shi ne, haziƙin haziƙai ke nan, mai likitoci da masu horarwa, a kan kwalta, gaban dubban idanu, zafi ya zare masa hankali bai sani ba. Ɗan koyo da ke shi kaɗai a bayan dutse yana cewa a ransa, in na ji ba dama zan tsaya, da wane hankalin zai ji?

Shari'a ta rataya taklifi a kan hankali, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Amma malamai sun bambanta tsakanin wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar da ba shi da hannu a ciki, da wanda ya gusar da shi da gangan. Na biyun, tuhuma tana komawa baya zuwa lokacin da yake da hankalin ya zaɓi sababin. Bisa wannan ƙiyasi nake ganin cewa hisabin mai tseren nan ba a kan dutse yake ba, inda ya riga ya zama abin tausayi. A gida yake, ranar da ya cika takarda, da kuma da asuba, sa'ad da ya ji sanarwar zafin ranar. A can ne ya wajaba ya gindaya wa kansa sharuɗɗa tun yana da wayo: in na ji sanyi da tsikar jiki cikin rana, ko jiri, ko amai, ko na kasa tuna kilomita nawa na yi, na tsaya, ba shawara. Tun da yake kuwa mai ruɗewa ba ya sanin ya ruɗe, sharaɗin bai isa ba sai an haɗa da wakilci, watau ya miƙa wa wani ikon tsayar da shi, likitan gasa ne ko ma'aikacin tasha ko abokin tafiya, ya kuma ɗaure wa kansa tun da wuri cewa maganar wancan tana gaban tasa. Wannan yana da nauyi ga zuciya fiye da hawan dutsen, don kuwa mutum ya zo ne ya nuna ya mallaki kansa, sai ga shi ana ce masa ya ba da ragamar.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi hukama'un Yunan wajen cewa jarunta tsaka-tsaki ce tsakanin ragwantaka da kutsa kai ba tunani, kuma abin da ke mai da ƙarfin zuciya jarunta shi ne ya zama a ƙarƙashin umurnin hankali da shari'a. In haka ne, mai rarrafen da hankalinsa ya riga ya tafi ba a siffanta shi da jarunta ko ragwantaka, jiki ne kawai yake cika umurnin da aka ba shi tun da safe. A binciki kuma umurnin, daga ina ya fito? Sau da yawa daga gudun kada a ce ne. Ya gaya wa abokan aiki, ya sa hotonsa a Facebook, ya kashe kuɗin jirgi da na keke, iyali suna jira a layin ƙarshe, ga kuma haruffan nan uku da ake rubutawa gaban sunan wanda bai ƙarasa ba, waɗanda suke tsoro fiye da gadon asibiti. Masana tarbiyyar zuciya sun daɗe da faɗa cewa rai yana iya jure yunwa da rashin barci da kowace azaba muddin za a gani a yaba, abin da ba ya jurewa shi ne a gan shi ya kasa. Don haka ba mamaki mujahadar gaskiya a ranar ta kasance ita ce ya sauka daga keke, ya cire lamba ya miƙa, ya zauna a inuwa yana kallon waɗanda suka girme shi suna wucewa.

Masu shirya gasa su ma ba su fita ba. Takardar da ake sa wa mutum hannu cewa ya yafe duk abin da ya same shi tana iya amfani a kotu, amma Ƙarafi, Bamaliken Masar, ya bayyana cewa kiyaye rai da gaɓɓai akwai haƙƙin Allah a ciki, yardar bawa ba ta kayar da shi. Rai amana ne, mai riƙon amana kuwa ba ya kyauta da ita. Hukumomin da suka san aikinsu sun gane haka. A gasar gwaji ta tirayatlon ta mata a Tokiyo cikin Agusta 2019 an rage zangon gudu daga kilomita goma zuwa biyar saboda zafi. A Doha kuwa, cikin wannan shekarar ta 2019, ko da aka fara gudun yada-ƙanin-wani na mata da tsakar dare, 28 daga cikin 68 ba su ƙarasa ba, bayan haka aka ɗauke na Olamfik daga Tokiyo aka kai Sapporo. Maganin bugun zafi kuma sananne ne, ba shi da tsada: a tsoma mutum har wuya cikin kwamin ruwa da ƙanƙara nan take, a wurin, kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, domin in an sauke zafin cikin rabin sa'a kusan kowa yana tsira, in aka yi jinkiri kuwa lissafin ya canja.

Ba na so a fahimce ni da cewa ina yi wa mutanen nan ba'a. Akwai sauƙi ƙwarai mutum ya ce ƙoshi ne, ya nuna leburan da ke haɗa kankare cikin Afrilu, ko ya tuna mutum 92, galibinsu mata da yara, da aka tsinci gawarwakinsu a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya cikin Oktoba 2013 bayan motocinsu sun lalace, ya ce ga masu ƙishirwar gaske. Tunawar tana da amfani, don ta hana mai tsere ɗaukar kansa shahidi. Amma wanda ya rayu tsakanin kujera da mota da na'urar sanyaya ɗaki, in ya ji marmarin ya san abin da jikinsa ke iyawa, ya horar da shi watanni, ya rage ci, ya tashi da asuba, ya fita ya ga teku da duwatsun da Allah Ya halitta, wannan buri ne mai kyau, kuma mumini mai ƙarfi abin so ne. Har ma yana iya dawowa da ilimin da ba a samu a littafi, cewa tsakaninsa da gushewar hankalin da yake taƙama da shi digiri uku ne kacal. Sai dai dukkan waɗannan fa'idodi ana samunsu a gasa gajera, a rana mai dama-dama, bayan shiri. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rataya a kan tsananin zafi.

Hukuncin da na rinjayar ke nan: wasan halal ne, shigar sabon shiga ma halal ce in ya bi tadriji ya zaɓi zangon da ya dace da shi; amma ya shiga cikakken tsere a daji, ranar da zafi ya wuce kima, bai saba da zafin ba, bai naɗa mai tsayar da shi ba, wannan jefa kai ne cikin halaka, ko da ya fito lafiya an rataya masa lamba, domin ana auna aiki da abin da mai shi ya sani lokacin shiga, ba da yadda ƙaddara ta ƙare ba. Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka biya kuɗi, kafin ka tsoma ƙafa cikin ruwa ka nemi masu gasar ka tambaye su ina likita yake, ina kwamin ƙanƙara, minti nawa kuma za a yi kafin a iso gare ka in ka faɗi a wuri mafi nisa na turbar. In suka kasa ba ka amsa, ka ɗauki kekenka ka koma masauki.